Askin Da Barmo Baduku Ya Yi Wa Littattafan Sarki

Na rantse da rawanin kakana, labarin nan ba za ku yarda da shi ba. Ku ƙaryata in kun ga dama, ni dai ba a taɓa kama ni da ƙarya ba sai in an bincika.

A zamanin da, an yi wani Sarki mai babban birni a bakin kogi. Ran nan sai ga manzo daga Sarkin ƙetare, wani dattijon malami. Ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ba ka nasara, ubangijina ya ce fadamar da talakawanka ke noman shinkafa tasa ce. In kakanninsa sun ba ku ita, a nuna takarda. Kwana arba'in zan dawo."

Sarki ya dubi Waziri, Waziri ya dubi Liman, Liman ya dubi ƙasa. Kowa ya san an rubuta takardar, ba wanda ya san inda take.

Sarki ya sa aka yi shela, duk mai tsohon rubutu, a tukunya yake ko a rufin soro, ya kawo fada. Aka cika zaure guda. Sai malamai suka kaure da gardama kan wanda zai riƙe mabuɗin zauren, kwana bakwai ba wanda ya bar wa wani.

To, akwai wani baduku a garin, Barmo, mai ɗinka wa littattafai gafaka. Ya bar makarantar allo tun yana izu biyu, ranar da ya zuba wa malaminsa ƙaiƙayi a buzu, amma baki gare shi kamar ganga. Ya kutsa gaban Sarki ya ce, "Zaki, duk littafin garin nan ni na ɗinka masa riga. Wa ya fi maɗinki sanin mutum?"

Waziri ya ce, "Ranka ya daɗe, sanin riga daban, sanin mai riga daban."

Sarki ya riga ya gaji da surutu, ya jefa wa Barmo mabuɗi.

Ku sani, littattafan wancan zamani ba a ɗinke suke ba, falle-falle ne. A gindin kowane falle marubuci yakan sa kalmar farko ta fallen da ke biye, don ko sun watse a gane jerinsu. Barmo bai san wannan ba. Abin da idonsa ya gani, bakin takardu duk ya tsattsage, shi kuwa baduku ba ya iya kallon baki mara daidai ya yi shiru. Ya zazzage gafaka duka a kan tabarma, ya haɗa manya da manya, ƙanana da ƙanana. Ya wasa wuƙarsa ta yankan fata, ya bi su da aski, har da 'yan kalmomin nan da ya ga sun maƙale a gindi kamar kaska. Ya zuba su a sababbin gafaka ja da kore, ya ja da baya yana yaba kansa.

Ranar arba'in fada ta cika. Liman ya buɗe gafaka, ya yi sa'a ya faɗa kan fallen farko na takardar. Ya ɗaga murya: "Mu mutanen ƙetare mun bayar da fadama ga 'yan'uwanmu na birni, iyakarta daga..." Ya juya falle. "...saiwar sabara, a jiƙa da kanwa, a ɗura wa jaki safe da yamma."

Da manzo ya yi dariya da an ji sauƙi. Bai yi ba, sunkuyar da kai ya yi. Liman ya duba gindin falle, fes, ba kalma. Ya duba goma, ya duba ashirin. Ya ɗago ya ce, "Wa ya yi wa takardun nan haka?"

Barmo ya matso gaba. Ya ce, "Haka aka kawo su, Zaki. Aikin gara ne."

Waziri ya ɗauki falle guda, ya shafa bakinsa, ya ce, "Kai, amma ga yanka! Ranka ya daɗe, wannan ya cancanci kyautar riga. Na san hannun, na Jatau ne, badukun Ƙofar Arewa. Ba mai iya wannan sai shi."

Barmo bai san lokacin da ya miƙe ba. "Jatau? Jatau da ko linzami bai iya yankawa daidai ba? Wallahi hannun nan ne, shi kaɗai!"

Waziri ya miƙa masa fallen ya ce, "Madalla, gwani. Karanta wa Sarki layi ɗaya."

Barmo ya dubi baƙaƙen, su ma suka dube shi. Ya so ƙasa ta tsage ya shige, ƙasa ta ƙi.

Sarki ya ce, "Abin da gara ta yi shekara ɗari ba ta gama ba, ka gama a wata guda. Dogarai!"

Sai wata tsohuwa ta yi gyaran murya daga bayan taro, Inna Tabawa, mai koya wa matan aure karatu, wadda littattafan mahaifinta ke cikin waɗanda aka aske. Ta ce, "Allah ya ja zamaninka, a tambaye shi tukuna. Ban taɓa ganin badukun da ya zubar da guntun fata ba. Kai Barmo, ina abin da ka yanke?"

Barmo ya ce, "Suna cikin buhu, Inna."

Manzo ya ce, "Na ƙara kwana uku. Ni ma ɗan malamai ne, ba zan karɓi fadama a kan wannan ba."

Inna Tabawa ta tara ɗalibanta, suka baje buhu, suna gwada guntu da falle, tawada da tawada, har suka haɗa takardar. Aka karanta ta da iyakokinta da shaidunta. Manzo ya ce ya gamsu, fadama ta zauna a hannun Sarki.

Sannan Sarki ya ba Inna Tabawa mabuɗi, ya sa aka karɓe wuƙar Barmo, ya ce, "Saura falle dubu biyu. Kai ka raba su, kai za ka haɗa, kuma ba ka haɗawa sai ka iya karantawa. A ƙofar zaure za ka zauna, inda kowa ke wucewa."

Washegari da hantsi aka ga Barmo, gemu fari fat, ya durƙusa da allo a gaban tsohuwa, matan gari sun tsaya da tulunansu suna kallo.

Ta ce, "A ina ka tsaya?"

Ya ce, "Izu goma, Inna."

"Barmo."

"Biyu."

Ta nuna masa baƙin farko da tsinke. Ya juya allon sama, ya juya ƙasa, bai gane shi ba.

Ta ce, "Wanke allon. Daga babbaƙu za mu soma, kuma ka ɗaga murya, na bayan can ba sa ji."