Dalilin da Ya Sa Ayu Ke Ɗago Hanci Saman Ruwa

Dalilin da ya sa ayu, duk da a kogi take kwana take tashi, sai ta riƙa ɗago hanci tana shaƙar iska, ga shi nan, yara. Malaminku na kimiyya zai ce huhu ne. Ba ƙarya ya yi ba, daga ƙarshe dai ya fara labarin.

A da can dabbobi a cakuɗe suke, ba wanda ya san danginsa. Har kaza ta taɓa kwanciya kan ƙwan kada, kuma abin da ya biyo baya bai yi wa kaza daɗi ba. Sai aka ce a ware kowa da nasa. Aka ɗora wa Hawainiya aikin, wai don tana kallon gefe biyu lokaci guda. Ba a tambaya ko tana gane abin da take gani ba.

Ta zauna bakin kogi tana rabo. Masu baki da fuka-fukai, can. Masu jan ciki, nan. Kwaɗi, da ke fara rayuwa a ruwa su ƙarasa a tudu, aka ba su lungunsu. Masu ƙafa shida suka yi yawa har ta daina dubawa. Masu haihuwa su ba da nono kuwa, ta tara su gindin kuka.

Can sai ga Ayu ta taso, ɗanta manne a gefenta.

"Kifi," in ji Hawainiya, ido ɗaya na kan ƙuda.

"Ranki ya daɗe, ban ji ba."

"A ruwa kike kwana? Kina da ƙafa? To, kifi."

Tarwaɗa, babbar kifaye, ta matso tana shafa gashin baki. "Maraba, ƙanwata. Al'adarmu ba wuya: ki zuba ƙwai, ki kama gabanki. Wannan lukutin ma sake shi yau, ruwa zai raine shi."

"'Ya'yanki nawa, Yaya?"

"Wa ya ƙirga?"

"Ni ɗaya ne. Shekara guda na yi da cikinsa."

Ayu ta ɗaga hannu, yaron ya kama nono a hammatarta, a gaban kowa, har ana jin haɗiyarsa. Saniya ta leƙo daga gindin kuka ta ce, "Af, wannan ai tamu ce!"

Hawainiya ta sauya launi sau uku, wanda a wurinta tunani ke nan. Ta ce, "Masu nono iska suke shaƙa. In kin zaɓi ɗanki, za a karɓe miki numfashin ruwa. Tudu ba ki da ƙafar hawansa, ƙasan kogi ba ki da hutu a cikinsa. Dare da rana sai kin taso."

"A karɓe," in ji Ayu.

Shi ya sa har wa yau masunta kan ga hanci biyu sun ɓullo saman ruwa, babba da ƙarami. Uwar ce ke turo ɗan sama, sai ya shaƙa ya ƙoshi kafin ita ta shaƙi nata.