Ku Rufe Sunana Ina Raye

Mijina, Allah ya jiƙansa, mutumin kirki ne, amma yana da wani hali da na sha fama da shi: bai yarda akwai wanda zai iya abin da ya iya ba. Ko ƙwan fitila ɗanmu ya canza, sai ya bi bayansa ya ƙara murɗawa.

Shi ne mai kula da kwamfutoci a wani ofishi da ke tara jini yana raba wa asibitoci. Ni tela ce, karatuna bai yi nisa ba, amma zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Abin da na gane shi ne, in asibiti na neman jini, nas za ta tura saƙo ta kwamfuta. Wata manhaja ta karɓa, ta tambayi ta ɗakin ajiya, ita kuma ta sanar da direba. Kowace sai ta nuna shaida kafin 'yar'uwarta ta buɗe mata ƙofa. To, mijina ya ɗaura su duka a kan sunansa da kalmar sirrinsa. Da sunansa suke shiga, da sunansa suke fita.

Yana da abokin aiki da ake ce wa Dogo, mutum mai sanyin magana amma mai naci. Wata rana suna shan shayi a falonmu, ina ɗinki a gefe, na ji ya ce, "Oga, mu kafa mai gadi mana."

"Wane mai gadi kuma?"

"Ƙaramar manhajar nan da ba ta barci. Ita za ta riƙe makullan duka. Duk wadda ke son shiga ta zo wurinta, ta ba ta izini na ɗan lokaci. Ita ke canza makullan da kanta, babu sunan kowa a ciki."

Mijina ya ajiye kofi ya ce, "Ni kuma fa? Gyaɗa nake sayarwa?"

"In ka yi tafiya fa?"

"Da wayata nake tafiya."

"To, in..."

"Ƙarasa mana! In na mutu, ko? Kai tsawo aka ba ka, aka manta da haƙuri."

Muka yi dariya, magana ta wuce.

Daga baya ciwo ya kama mijina, irin mai cinye jini, har sai an riƙa yi masa ƙari. A ofishinsu akwai doka: lokaci-lokaci kowane ma'aikaci sai ya canza kalmar sirrinsa, in bai canza ba ta daina aiki. Bai taɓa sakaci da wannan ba. Amma a wannan karon lokacin ya cika yana kwance a gadon asibiti, zazzaɓi ya rufe shi, bai san wanda ke kansa ba.

Da hantsi likita ya ce a ƙara masa jini. Muka jira har rana ta take, shiru. Na je wurin nas, ta ce, "Ki yi haƙuri, tun safe muke tura saƙo, kwamfutar masu jinin ta ƙi karɓa."

Nan take na kira Dogo. Ya ce, "Yaya, komai ya tsaya. Sunan Oga ya kulle, duk sun kulle tare da shi. Da waya muke bin asibitoci ɗaya bayan ɗaya." Shi da kansa ya ɗauko jinin a akwatin sanyi, ya kawo a kan babur.

Da mijina ya farfaɗo, na gaya masa komai, ban rage ba. Ya daɗe yana kallon ledar jinin da ke rataye a kansa. Sannan ya ce wa Dogo, "Ni ka san ni, shi ya sa ka kawo. Waɗanda ba ka sani ba fa?"

Dogo ya sunkuyar da kai. "Akwai wata mai haihuwa da ta sha jira. Ta tsira, amma da ƙyar."

Ban taɓa ganin hawayen mijina ba sai ranar. Ya ce, "Kawo mai gadin naka."

Da aka sallame mu, Dogo ya riƙa zuwa gida bayan an tashi aiki. Sai in jingina mijina da matasai, in ɗora musu kwamfuta a kan katakon gugata. Idonsa ya yi rauni, don haka Dogo ke bugawa, shi yana faɗa. Kowace manhaja sai an gaya wa mai gadi ƙofar da aka yarda ta shiga, da wadda aka hana ta, da tsawon lokacin da izininta zai yi. Abubuwan da ya ɓoye a kansa shekara da shekaru ya riƙa zazzagewa.

"Ta direbobi kada ka ba ta hanyar ganin sunayen marasa lafiya. Ina ruwanta?"

"An gama, Oga."

"Kuma kada ka ajiye babban makullin a hannunka kai kaɗai, kada ka zama ni. Ku raba da shugabar ɗakin ajiya."

In na ce ya huta, sai ya ce, "Uwargida, hutu na nan zuwa mai yawa." Sai in shiga kicin in share ido.

Da suka gama, mijina ya kira shugaban ofishinsu a waya. Ya ce, "Ranka ya daɗe, doka ta ce in ma'aikaci ya rasu a rufe sunansa. Ina so ku rufe nawa yau, ina raye, in gani da idona."

Aka rufe. Muka zuba wa kwamfuta ido. Can sai wani layi ya yi ja. Na'urar da ke lura da sanyin firjin jini ce, mai gadi ya hana ta shiga. Mijina ya rufe ido yana tunani, sai ya ce, "Agogonta! Tsohuwar nan agogonta baya yake yi, shi ya sa ake ganin izininta ya tsufa. Kullum ni ke gyara mata, ban taɓa gaya wa kowa ba." Dogo ya daidaita agogon, ya sa ta riƙa duba lokaci da kanta. Jan layi ya koma kore.

Ba a jima ba saƙo ya shigo daga wani asibiti, ana neman jini don wani yaro. Muna kallo ya wuce ɗakin ajiya, ya isa ga direba, babu wanda ya taɓa komai. Mijina ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Ka ga marasa kunya! Ko su tambayi ina nake." Ya kama hannun Dogo ya ce, "Ka yafe mini. Kai ne da gaskiya tun farko."

"Haba Oga, ai tsawo ne ya sa na riga ka hangowa."

Bai daɗe ba bayan haka Allah ya karɓi abinsa. Ranar da aka kai shi makwancinsa, duk ma'aikatan ofishin sun zo, ban da direbobin da ke bakin aiki. Dogo ya ce mini, "Yaya, su suna kan hanya. Tun safe jini ke fita, ko saƙo ɗaya bai tsaya ba." A cikin kukana na ce alhamdu lillahi. Har gobe ina gode wa Allah da ya ba mijina lokacin gyara kafin ya tafi, ina kuma gode wa Dogo da bai yi fushi ya bar naci ba.

Darasin da nake so mai karatu ya ɗauka shi ne: duk aikin da rayuwar mutane ta rataya a kansa amana ce, ba kayanka ba ne. Kada ka ɗaure shi da sunanka don a ce ba a iya yi sai da kai, domin ciwo da mutuwa ba sa sallama. Ka saurari na ƙasa da kai, ka koyar da abin da ka sani tun kana da numfashi. Gwanin gaske shi ne wanda in ya kau, aikinsa bai kau tare da shi ba.