Kurangar Inabi a Jikin Mashi

A wani zamani mai tsawo da ya shuɗe, Banu Isra'ila suka rabu gida biyu, Kudu da Arewa, kaka ɗaya, addu'a ɗaya, amma ba sa ga-maciji da juna. Sarki Hananel na Kudu ya rantse sai ya ƙwace kwarin da ke tsakaninsu, Sarkin Arewa kuwa ya tura ɗansa Yarima Elnatan da runduna. Gimbiya Yedida, 'yar Hananel, ta rasa inda za ta sa ranta, domin zuciyarta na wurin Elnatan, kuma in aka gwabza, ko uba ko masoyi, ɗaya ba zai dawo ba.

Ta gangara kwarin da sanyin safiya, ta iske wata tsohuwar aljana a gindin ɓaure tana taje furfurarta, wadda ta malala har cikin rafi. Aljanar ta saurari kukanta, ta miƙa mata kwandon zabibi da ba ya ƙarewa, ta ce, "Ciyar da rundunonin biyu, 'yata, ki kama bakinki."

Yedida ta lulluɓe fuska ta bi sansani-sansani tana rabon zabibin. Mayaƙi kuwa bai san ƙin kyauta ba. Kowa ya ci, ya tofar da ƙwayar a gindin mashinsa.

Washegari aka ja daga. Bisa dokar kakanninsu, kafin a zare takobi sai mai shela ya yi kira: "Wanda ya shuka inabi bai ci 'ya'yansa ba, ya koma gida, kada ya mutu wani ya ci!" Aka duba, sai ga kuranga ta nannaɗe kowane mashi, ganye shar, 'ya'ya ba su nuna ba. Mayaƙa suka watse kamar masu tafiya cikin barci, inuwar ganye na bisa kansu.

Ban da Sarki Hananel, Elnatan kaɗai ya rage, domin ya gane idanun mai rabon, kallo ya mantar da shi ci. Hananel ya zare takobi ya nufe shi.

Mai shela ya ƙara kira: "Wanda aka ba mata ba a kai masa ita ba, shi ma ya koma!"

Yedida ta yaye lulluɓi ta durƙusa tsakaninsu tana kuka. "Ranka ya daɗe, kalma ɗaya daga bakinka za ta fitar da shi daga filin nan."

Sarki ya daɗe yana duban 'yarsa, tausayi ya kama shi, ya mayar da takobi kube. "Na ba ka ita, yaro. Doka ta kore ka, tafi gida ka jira amarya."

A tsakiyar kwarin aka ɗaura auren, kuma daga ranar babu wanda ya sake tambayar ko kwarin na wane sarki ne.