Turancin da Ya Kori Shaidar Sahabi

A garin Illela akwai wani mutum mai suna Sahabi, dillali a karar shanu. Ya yi boko har aji uku na sakandare ya watsar, amma bai fito hannu rabbana ba. Ya fito da 'yan kalmomin Turanci, kuma abin takaicin shi ne duk na zargi ya zaɓa. Ya san furod, wato zamba. Ya san citin, wato cuta da maguɗi. Ya san ilegal, abin da doka ta hana. Waɗannan su ne jarinsa, kuma bai taɓa juya su ya kalli kansa da su ba.

Kowace Lahadi, ranar kasuwa, sai ya sa riga mai guga da baƙin tabarau, ya je ya tsaya a bakin hanya kafin a kai kara. Makiyaya yake jira, musamman waɗanda ba su saba shiga gari ba. Da ya ga mai kora sa ko saniya, sai ya kara waya a kunne kamar yana magana da wani babba, sannan ya tare shi.

"Ina takardar wanga sa? Babu? Ai wanga ilegal na. In masu kaki sunka gane ka, furod za su rubuta ma."

Makiyayin bai san ma'anar ko ɗaya ba, amma ya san harshen hukuma ne, sai ya tsorata. Daga nan Sahabi zai sassauta murya, ya ce don Allah zai rufa masa asiri, ya sayi dabbar kafin a ƙwace. Haka yake karɓe ta a farashin da bai kai rabin darajarta ba.

Wanda ya fi shan wannan cuta shi ne Jaɓɓo, wani dattijon makiyayi mai ruga a bayan Kalmalo. Mutum ne mai gaskiya da tsoron rigima. Sahabi ya lura da haka, ya riƙa cusa masa magana guda duk haɗuwarsu.

"Jaɓɓo, in ka ga mai kaki, kada ka kuskura ka buɗe baki. Abin da ka hwaɗi da Hausa, da Turanci za a rubuta shi, kuma ba ka san mi anka rubuta ba. Garkenka duka zai tahi. Ka bar mini magana, kai dai ka ɓace."

Jaɓɓo ya riƙe wannan kamar karatu. Har godiya yake yi masa.

Matar Sahabi, Mahbuba, ba ta jin daɗin naman da ake kawowa gidan. Wata rana tana zuba masa tuwo ta ce, "Malam, ni dai tsoro nika ji. Kalmomin ga da kaka jihwan mutane da su, ba kai sunka hi dacewa da kai ba?"

Ya yi dariya har da buga cinya. "Ke mi kinka sani ga Turanci? Zuba miya."

A shekarun nan satar shanu ta addabi ƙasar, har ta kai wanda aka kama da dabbar sata ba ya da tabbacin isa gaban alƙali da ransa. Kowa ya san haka, Sahabi ma ya sani. Kwaɗayi ne ya rufe masa ido.

Wata Lahadi yana tsaye da Jaɓɓo a bakin hanya, sai ga wani baƙo ya rufe fuska da rawani, yana kora wani jan sa mai ƙiba. Sahabi ya gyara tabarau ya fara karatunsa. Bai ma kai ga furod ba baƙon ya ce ya sallama. Bai tsorata ba, bai roƙi ƙari ba. Ya karɓi abin da aka ba shi, ya hau bayan wani babur, suka yi arewa. Jaɓɓo yana kallon komai. Mai hankali da ya tsargu, amma Sahabi murna ya yi, yana ganin Turancinsa ne ya ƙara kaifi.

Yana shiga kara da san, wani mutum ya daka tsalle ya riƙe igiyar. Hamidu ne, manomi daga Amarawa, wanda 'yan bindiga suka kore wa shanu suka kuma harbi ƙanensa.

"Sana na! Ga tsagar kunnensa! Jama'a, ga ɓarawon!"

Kafin Sahabi ya haɗiye yawu an kewaye shi. Wani ya fizge tabarau, wani ya shaƙe masa wuyan riga. Ya ga sanduna sun tashi sama, ya ji wani yana tambayar ina mai fetur. Fitsari ya zubo masa bai sani ba. Tsoro irin wanda bai taɓa ji ba ya kama shi, ya riƙa kiran sunan Allah da na uwarsa. Allah ya sa jami'an tsaro na kusa, suka kutsa suka janye shi gefe.

Babbansu ya dube shi ya ce, "Ina ka samo san nan?"

"Saye na yi, Yallaɓai. Wallahi yanzun ga na saye shi ga wani baƙo."

Da aka tambaye shi farashin ya faɗa, jami'in ya girgiza kai. "Sa kamar wannan? Ko da gaske saye ka yi, wannan furod ne."

Kalmar ta doki Sahabi a ƙirji. Shi ya san ma'anarta sarai, kuma yau ce rana ta farko da ya ji ta daga wancan ɓangaren.

Jami'in ya ce, "Kana da shaida? In akwai wanda ya ga cinikin, ya fito ya faɗa, sai mu bi sawun baƙon."

Sahabi ya ɗaga kai yana laluben fuskoki. Can bayan taron ya hango malafar Jaɓɓo. Ransa ya dawo.

"Ga shi can! Jaɓɓo! Baba Jaɓɓo, don Allah taho ka hwaɗa musu abin da ka gani!"

Masu kaki suka juya gaba ɗaya suka dubi dattijon. Jaɓɓo ya ga kaki, ya ga biro a aljihun babbansu, ya tuna garkensa. Ba ƙiyayya a fuskarsa, tsoro ne zalla. Ya ja da baya a hankali, ya juya, ya shige cikin shanu da sauri irin wanda ba a zaci tsoho zai iya ba.

"Jaɓɓo, ƙarya nika yi ma! Ba abin da za su yi ma! Dawo!"

Bai waiwayo ba. Abin da aka koya masa ya yi.

Aka jefa Sahabi a mota aka nufi Sakkwato da shi. Washegari Mahbuba ta hau babur har bayan Kalmalo don ta roƙi dattijon. Ta tarar da toka da turakun da aka tuge. Tun jiya da la'asar Jaɓɓo ya kwashe iyalinsa da shanunsa ya tsallaka iyakar ƙasa, don kada masu kaki su biyo shi. Ta zauna a kan wani turmi da suka manta ta yi kuka. Har yau Sahabi na tsare yana jiran shari'a, kuma mutum ɗaya da zai iya wanke shi ba wanda ya san inda yake.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, ilimi amana ne, ko da kalmomi uku ne. Wanda ya san abin da wani bai sani ba, haƙƙinsa ne ya wayar masa da kai, ba ya tsorata shi don ya ci dukiyarsa ba. Kafin ka kira wani mazambaci ko macuci, da kowane harshe, fara duba ko kai sunan ya dace da kai. Kuma ka sani, mutumin da ka koya wa tsoro yau, wataƙila shi za ka nema ya tsaya maka gobe.