Manomin da Ya Share Dajin Amana

Akwai wani mutum, manomi, ana ce da shi Zakka. Duk ƙauyensu babu mai gona mai tsabta irin tasa, kuma ba ya jira a yabe shi, shi yake faɗa da bakinsa. In ciyawa ta leƙo da safe, kafin rana ta take ta riga ta bushe a kan kunya.

Mutumin nan yana da wani gangare da ya gada a gindin dutse. A ƙasan gangaren akwai idon ruwa inda matan ƙauyen suke ɗiba, har da matarsa Tabita. Tun da aka sare itatuwan wurin aka yi gawayi, ruwan ya fara ja da baya. Kowace shekara sai ya riga na bara ƙafewa, mata su ɗauki jarka su nufi rafin ƙauyen gaba.

Sai mutanen yankin suka kafa ƙungiya, suka sa mata suna Amanar Daji. Aikinta shi ne ta karɓi fili daga hannun mai shi ta riƙe: ba a sayarwa, ba a nomawa, ba a ƙonawa, har daji ya dawo ya riƙe ruwa. Ran da shugabansu, wani dattijo mai suna Baba Ishaku, ya tsaya yin bayani bayan sujada, Zakka bai bari ya kai ƙarshe ba, ya miƙe ya ce ya ba da gangarensa. Aka yi tafi. Daɗin tafin ya cika masa kunne, sauran bayanin ya wuce shi.

Ƙungiya ta naɗa shi mai tsaron wurin. Baba Ishaku ya ja masa kunne, kada gatari ya shiga, kada wuta, kada awaki.

Zakka ya ce, "To, Baba, ni kuma me zan yi?"

"Ka tsare."

"Na ji. In na tsare fa, sai me?"

"Sai ka ƙara tsarewa."

Ya koma gida kansa a ɗaure. Ya gaya wa Tabita an ba shi aiki, amma an manta a faɗa masa aikin. Ta ce ya koma ya tambaya. Ya ce mutumin da aka yi wa tafi a majami'a ba ya komawa tambaya.

Damina ta sauka. Tsofaffin kututturai suka soma tofo: kalgo, sabara, marke, can gefe har da ɗorawa. Ciyawa ta rufe tsakaninsu. Zakka yakan tsaya a bakin fili hannunsa yana ƙaiƙayi. Shi dai a saninsa, ƙungiya za ta kawo itatuwa a mota, cikin 'yan baƙaƙen ledoji, a dasa su a layi. Damina ta wuce, kaka ta wuce, ko ƙarar mota bai ji ba.

Taubashinsa Dogara kuwa ya samu abin yi. Duk wucewar da zai yi sai ya durƙusa ya ce, "Sannu da aiki, sarkin noma. Yaushe za a girbe macizan? A ajiye mini dami ɗaya."

Da bazara ta kama, aka aiko cewa 'yan ƙungiya suna tafe su duba wurin. Hankalin Zakka ya tashi. Baƙi su zo su tarar da filin ubansa haka, kamar gonar mamaci? Ya zauna ya bi umarnin Baba ɗaya bayan ɗaya. An hana gatari, an hana wuta, an hana awaki. Ba a hana adda ba. Ba a hana fartanya ba. Ya ce lalle dabarar dattijon ke nan, gwada shi yake yi ya ga ko yana da kai.

Ya wasa adda ya shiga. Ya sare tofon nan kaf, ya kafce ciyawa, ya kwashe ya kai bakin hanya, ya ari tsintsiyar Tabita ya share har ƙasa ta fito ja wur. Kututturan ne kaɗai suka gagare shi, don su sai da gatari, shi kuwa mutum ne mai kiyaye doka.

Baƙi suka iso. Zakka ya sha rigar zuwa coci, ya tsaya yana jiran yabo. Baba Ishaku ya nemi dutse ya zauna, ya daɗe yana kallon filin, sa'an nan ya tambaya ina itatuwan.

"Waɗanne, Baba? Ai ba ku kawo ba tukuna. Wuri na gyara muku."

Dattijon ya kai shi gaban wani kututture, ya nuna masa inda adda ta bi. Ya ce saiwar tana nan da rai tun zamanin kakansa, ta yi nisa cikin ƙasa, abin da Zakka ya sare su ne itatuwan. Ciyawar kuma ita ce take tare ruwan sama ya nutse ya je idon ruwa.

Zakka ya dubi tarin da ke bakin hanya. Ya ce zai gyara. Ya kawo taki? Ya yi ban ruwa? Ya nemo iri ya shuka? Kowanne ya ambata, Baba ya girgiza kai.

"Ɗana, ƙarfinka ne ya yi mana yawa. Ka zauna."

Ruwan fari ya zo da ƙarfi, bai sami abin da zai tare shi ba. Ya kwashi jar ƙasa ya zuba a idon ruwa ya toshe shi. Shekarar nan mata suka fara zuwa rafin ƙauyen gaba tun masara ba ta nuna ba. Tabita ba ta yi masa faɗa ba. In ta dawo ta sauke jarka, sai ta ɗebi kofi ɗaya ta miƙa masa, ta tsaya har ya shanye. Bai taɓa shan ruwa mai wuyar haɗiya irinsa ba.

Da kututturan suka sake tofo, Zakka ya ɗauki addarsa ya ba Tabita. Ya ce ta ɓoye inda ba zai gani ba, ko ya roƙa kada ta ba shi. Ya roƙa kuwa, ba sau ɗaya ba. Ta hana. Ya koma yana zama a bakin fili yana korar awaki da mafarauta masu cinna wuta. Da tofon ya wuce tsayinsa, laka ta daina gangarowa, ruwa ya fara tsattsafowa, mata suka zo yi masa godiya. Ya karɓa don kunya, amma ya gaya wa Dogara shi fa har yau bai ga aikin da ya yi ba.

Ma'anar misalin nan, 'yan'uwa, ita ce: filin shi ne mutanen da Ubangiji ya ba mu amana, 'ya'yanmu, da sababbin tuba, da wanda ya daɗe da barin sujada ya fara leƙowa yana zama a bencin baya. Kututturen shi ne zuciyar da muka ce ta mutu, alhali Allah ya riƙe saiwarta. Tofon shi ne addu'ar da ba ta da kai, da tambaya mai ban haushi, da waƙar da aka ɗauko a karkace. Addar kuwa harshenmu ne. Da yawanmu ba mugunta ke sa mu sara ba, himma ce da tsoron abin da baƙi za su ce. Akwai lokacin gyara, amma ba a gyara abin da bai tsaya da ƙafarsa ba. Naka shi ne ka kori abin da zai cinye shi, ka yi masa addu'a, ka jira. In ka ji wannan misali ka ce ya dace da maƙwabcinka, har kana shirin zuwa ka gaya masa bayan an tashi, to, ɗan'uwa, dubi hannunka: adda ce.