Tsarabar Batura a Gidan Jego

Akwai wani ma'aikaci a Gashuwa mai suna Mahfuz, shi ke sayo wa wani kamfanin casar shinkafa kayan ofis. Mutum ne mai son a ga sabon kwali. Duk shekara sai ya jido kwamfutoci masu araha da baturan da ke riƙe musu wuta, kafin shekara ta zagayo rabinsu sun mutu.

Madina, injiniyar da ke gyara su, ta sha faɗa masa: "Yallaɓai, a sayi kaɗan masu ƙarko waɗanda ke gyaruwa. Kuma a saya wurin dilan da zai karɓi matattun batura ya mayar inda ake sarrafa su."

"Ke dai yi gyaranki," in ji shi. "Saye ba huruminki ba ne."

Da sito ya cika, sai dabara ta faɗo masa. Surukinsa Baba Saleh masunci ne a Nguru, kullum cikin neman dalmar da ake ɗaura wa taru yake, don ya nutse a ruwa. Cikin batir kuwa dalma ce fal. Gogan naku ya loda matattun batura goma sha biyu a mota ya aika, wai shi ya yi bajinta a gidan surukai.

Bayan kwana huɗu, da hantsi, Madina ta tarar matattun baturan sun ragu a sito. Da Mahfuz ya gaya mata inda suka tafi, sai fuskarta ta canza.

"A cikin gida zai narka su? Akwai yara?"

Nan take Mahfuz ya tuna da iyalinsa. Matarsa Fauziyya tana gidan tana wankan jego, da jaririya 'yar kwana goma sha biyu.

"Yallaɓai, hayaƙin dalma guba ne. Babba ma yana jin jiki, balle jariri. Ƙwaƙwalwa yake taɓawa."

Ya kira Fauziyya, a kashe. Ya kira Baba Saleh, ba ta shiga. Ya figi mota ya kama hanyar Nguru. Ga tsoro, ga kunya: tunda ya yi aure bai taɓa haɗa ido da dattijon nan ba.

Tun daga zaure wani ƙauri ya daki hancinsa. A kan murhun da ake dafa ruwan jego ya hango tsohon gwangwani, dalma na narkewa a ciki. Taku uku ne tsakaninsa da ɗakin mai jego, iska na kaɗa hayaƙin ta labule.

Bai cire takalmi ba, bai durƙusa ba. Ya janye itacen, ya dinga zuba yashi a wutar yana ihu: "Fauziyya! Fita da yarinyar nan maƙwabta, yanzu!"

Baba Saleh ya miƙe. "Malam Mahfuz, lafiya?"

"Baba, guba ce. Yaushe aka fara?"

"Yau kwana uku. Na ga wutar jego ba ta mutuwa, na ce kada garwashi ya tafi a banza."

A asibiti aka ɗebi jinin jaririyar. Da sakamako ya fito, likita ya ce dalmar ta shiga. Za a yi magani, amma sai ta fara tafiya da magana za a san iyakar ɓarnar.

Mahfuz ya durƙusa gaban surukinsa a barandar asibitin, hawaye na zuba. "Baba, an ce mini kada in rabu da su haka. Ban ko tambayi dalili ba."

Dattijon bai yi faɗa ba. Ya dubi tafin hannunsa.

"Ni na riƙe mafici," ya ce. "Kwana uku ina hura wa jikata wutar nan, ina sa maka albarka."

Darasi: Duk na'urar da ka saya wa ofis, wata rana shara ce, kuma a ƙofar wani za ta sauka. Sayi mai ƙarko, gyara mai gyaruwa, mayar da mataccen batir ga masu sarrafa shi, kuma kada ka raina shawarar na ƙasa da kai. Ku tura wa duk mai sayo kayan ofis da kuka sani, ko Allah zai sa a tsare wani gida.