Kwaɗo Mai Zagin Tafkinsu

Ga ta nan, ga ta nanku!

Ta zo mu ji, mu ƙaru.

Wani Kwaɗo ne mai baki kamar reza, kullum aikinsa zagin tafkinsu: ruwa ya yi wari, laka ta yi yawa, manyan kwaɗi sun cinye sauro su kaɗai.

Shamuwa ta ji, ta ce, "Malam Kwaɗo, zo in kai ka babban kogi ka huta."

Ya faɗa bakinta, suka tashi sama. Can ya hango sheƙarta, 'ya'yanta sun wage baki suna jiran kalaci. Ashe shi ne kalacin!

Sai ya leƙa ƙasa ya ce, "Kai, Hajiya, duk duniya babu ruwa mai daɗin na tafkinmu!"

Shamuwa ta kasa haƙuri. "Wannan kwatamin?"

Tana buɗe baki Kwaɗo ya suɓuce, tsundum cikin lakar da yake zagi, ta tare shi kamar katifa.

Ya ɗago kai ya ce, "Kwatami ne, gobe ma zan zage shi. Amma mu da muke kwana ciki muke da bakin faɗa, ba ke baƙuwar damina ba!"

Ƙurunƙus kan kusu. Ba don laka ba, da labarin a sheƙa ya ƙare.